Sunaye 31 Cikin 87

A watan Janairun 2025, hunturu na kan ganiyarsa, wata ƙawata da muka yi karatun malanta na NCE tare a Kwalejin Sa'adatu Rimi ta jefa ni cikin wani zauren WhatsApp na malamai ba tare da ta shawarce ni ba. Bayan magariba na buɗe waya na tarar da saƙonni jibge. Niyyata in fice a take, domin zaurukan da nake ciki ma sun ishe ni, ga na dangi, ga na adashe, ga na makaranta, kowanne da rabonsa a cikin 'yar datar da nake saya. Abin da ya riƙe ni muryar wata dattijuwa ce da na danna bisa kuskure. A hankali take magana, irin ta wadda ta daɗe tana tsayuwa gaban aji, tana cewa: "'Ya'yana, kada ku faɗa mini abin da ya kamata a yi a aji. Wannan duk kun san shi, kun ci jarrabawa a kansa. Abin da ya faru nake so ku faɗa mini."

Sai na fasa fita.

Ni malamar aji 4 ce a wata firamaren gwamnati da ke cikin birnin Kano, ta wajen Goron Dutse. Shekarata 11 ina riƙe da alli, kuma a bana yara 87 ne a rajistata. Dattijuwar nan, wadda kowa a zauren yake kira Hajiya, ta yi ritaya ne bayan ta shafe shekaru tana horar da malamai. Mu 46 ne a lokacin, maza da mata, daga Fagge, Gwale, Kurna, Hotoro, har da wasu daga wajen gari. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Tsarin ba wuya: ranar Asabar Hajiya ta turo aikin mako, kowa ya kawo nasa kafin daren Alhamis, sannan daren Juma'a bayan isha'i a zauna a tattauna na awa guda. Sharaɗinta kuwa ba ta wasa da shi. Ba a ambatar sunan makaranta, ba a ambatar sunan yaro, ba a turo hoton fuskar ɗan kowa, kuma abin da aka faɗa a zaure amana ne.

Ƙawar tawa ta ba ni labarin abin da ya gudana kafin in shigo. Da farko Hajiya takarda ta raba musu mai tambayoyi 6, irin tsarin da wani masanin ilimi ɗan Ingila, Graham Gibbs, ya fitar a 1988 don mai aiki ya riƙa bin diddigin aikinsa: me ya faru, me ka ji a ranka, ina ya yi kyau ina ya ɓaci, me ya jawo haka, me ka fahimta, me za ka yi in ka sake samun kanka a wurin. Tambayoyi ne masu kyau, amma amsoshin da suka dawo kusan duk iri ɗaya ne: darasi ya tafi daidai, ɗalibai sun fahimta, an cim ma manufa. Hajiya ta ce ba ta ga laifin kowa ba, mun saba rubutu don idon mai dubawa, da zarar mun ga takarda mai layi-layi hannunmu ya san abin da zai rubuta tun kafin zuciya ta sa baki. Shi ya sa ta ajiye takardar ta biyo ta wata hanya, ta hoto da zane da karin magana da wasiƙa, abubuwan da ba mu da haddatacciyar amsarsu. Ta kuma tuna musu cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, muhasaba ce, ta kawo maganar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku.

Aikin farko da na tarar shi ne kowa ya ɗauki hoton abu ɗaya a ajinsa wanda yake ganin ya tattara makon gaba ɗaya. An turo hoton guntun alli, an turo na benci mai ƙafa uku da aka tokare da bulo. Wani malami daga Kurna ya turo hoton tsumagiya ya ce ita ce mataimakiyarsa, aka yi ta muhawara a kai har dare ya yi nisa, Hajiya dai tambaya ɗaya ta yi masa, wai ranar da ya manto ta a gida yaya ajin ya wuni. Ni hoton robar ruwan ɗumina na tura, wanda nake jefa wa citta da kanumfari, domin kafin Laraba muryata ta dishe. Na yi tsammanin za a jajanta mini, kuma an jajanta. Hajiya ta ce Allah ya ƙara lafiya, sannan ta ce: "Malama, tsakanin ke da yaran, wa ya fi magana a ajin nan?" Na tura mata alamar dariya na wuce. Ban ɗauki tambayar da nauyi ba a lokacin.

Mako na biyu na karin magana ne, kuma shi ya fi jan jama'a. Kowa ya zaɓi karin maganar da ta dace da darasinsa mafi muni a makon, ya faɗi dalili da saƙon murya. Wata malama da ta yi ta bitar gaggawa ana gobe gwaji ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wani mai aji 1 shi kaɗai ba mataimaki ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na ce shuka a idon makwarwa. Kwana uku ina koyar da rabawa a lissafi, ranar Alhamis na ba da aiki, waɗanda suka ci ba su kai 20 ba. Na yi minti huɗu ina lissafo makwarwoyin: talla, makara, rashin littafi, iyayen da ba sa duba jaka, gajiyar yaron da zai tashi daga boko ya wuce islamiyya. Hajiya ta saurara ta ce: "Duk gaskiya kika faɗa, 'yata, ko ɗaya ban musa ba. Sai dai makwarwa ba ta cikin zauren nan. Manomin ne yake ciki." Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu ban ce uffan a zauren ba.

Aikin mako na uku shi ne dalilin wannan rubutu.

Hajiya ta ce kowa ya samu takarda a gida, ba a makaranta ba, kuma kada ya buɗe rajista. Ya zana ajinsa kamar yana leƙensa daga saman rufi: ga allo, ga ƙofa, ga tagogi, ga benci-benci. Sannan a kowane gurbi ya rubuta sunan yaron da ya saba zama a wurin. Wanda ka tuna fuskarsa ka manta sunansa ka yi masa da'ira. Inda ka san akwai mutum amma ko fuskar ba ta zo maka ba, ka bar wurin fari.

Daren Talata na yi nawa, yara sun yi barci, ba wuta, ina haskawa da fitilar waya. Na fara da ƙwarin gwiwa, domin kullum safiya ni nake kiran sunan yaran nan, na haddace jerin kamar karatun allo, in ka faɗi suna ɗaya zan kawo maka mai bi masa. Masu zama a ƙasa gaban allo na rubuta su tsaf. Benci biyu na gaba ma haka, ɓangaren mata da na maza. Na sa monita, na sa yara uku da muke unguwa ɗaya, na sa wasu maza huɗu na can baya waɗanda rashin ji ya sa sunansu ba ya barin bakina. Daga nan biro ya tsaya. Na yi ta jan jerin rajista a kaina, sunaye suna zuwa, amma ban san inda zan ajiye su ba. A nan na gane cewa shekara da shekaru kaina a sunkuye nake kiran suna. In kira, murya ta amsa daga wani sashe, in yi alama, in wuce. Sunan daban, mai sunan daban, ban taɓa haɗa su ba.

Na ƙirga abin da na rubuta, 31. Da'ira 19. Sauran fili fari fat, kuma farin ba a warwatse yake ba, ya taru ne a baya, musamman kusurwar hagu ta ɓangaren mata, jikin tagar da marfinta ya cire. Benci uku cur ban iya sa ko da'ira ɗaya a kansu ba. Yara ne da suke zuwa kullum, iyayensu sun yi musu wanka sun sallamo su da sunan za su wurin Malama.

Maigidana ya shigo ya tarar da ni zaune da takarda a cinya. Ya ce lafiya? Na miƙa masa na yi masa bayani. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "To ai ko ni a shago ban san sunan duk mai shigowa ba." Na ce masa ai masu shigowa shago ba amanarsu aka ba shi ba. Bai ƙara magana ba, ya miƙo mini takardar.

Sai da na yi jinkirin kwana guda kafin in tura. Na sa biro na toshe sunayen kamar yadda aka sharɗanta, na ɗauki hoto, na tura ba tare da na rubuta komai a ƙasa ba. Cikin minti kaɗan wasu suka fara turo nasu, kamar dama jira suke wani ya fara. Kusan duk zanen kamanninsu ɗaya, gaba cike, tsakiya tsilli-tsilli, baya fari. Wani malami ya lura cewa a nasa ɓangaren dama ya fi cika, sai ya gane a nan yake tsayawa saboda a nan inuwa take. Wata ta ce ita maza ta fi sani duk da cewa mata sun fi yawa a ajinta, don su mazan ne masu hayaniya. A daren Juma'ar nan ba wanda ya yi wa wani wa'azi. Ina ganin dalilin shi ne kowa tasa takardar tana gabansa.

A nan zan tsaya in faɗi abin da na fahimta game da yin wannan abu ta waya. A ofishin malamai na makarantarmu ba zan iya ɗaga takardar nan in nuna ba. Ba don abokan aikina mugaye ba ne, a'a, zama ne na yau da gobe, magana tana da ƙafa, yau ka faɗi rauninka gobe ka ji shi a bakin wanda ba ka zata ba. Amma mutanen da ba su san makarantata ba, ba su san hedimastana ba, ba ma neman muƙami ɗaya da su, ba abin da zai hana in buɗe musu cikina. Ga shi kuma saƙon murya ba ya neman ki zauna. Ina tuƙa tuwo ina sauraron malamin da ke Hotoro, a cikin adaidaita sahu ina amsa wa wata da ke Fagge. Da a ce taro ne da sai an je an zauna a wani ɗaki, mace mai yara huɗu irina ba za ta kai mako uku ba.

Mako na huɗu Hajiya ta ce mu naɗi muryarmu muna koyarwa, minti 20, murya kawai ban da bidiyo, kuma mu nemi izinin shugaban makaranta tukuna. Ba za a tura wa kowa ba, kai kaɗai za ka saurara, sai ka kawo wa zaure abin da ka ji. Hedimastanmu ya ce ba damuwa muddin ba za a yaɗa ba. Na ajiye wayar a kan tebur ƙarƙashin rajista na ci gaba da darasin rabawa.

Da dare na sa abin sauraro a kunne. Minti biyar na farko ban ji komai ba sai baƙuntar muryata. Da na saba da ita sai na ɗauki biro na fara ƙirga. A cikin minti 20 na ce "Kun gane?" sau 14, kuma sau 14 ajin ya amsa da "Eeee!" mai tsawo, irin wadda ake ja kamar amshin waƙa. Ko sau ɗaya ba a samu wanda ya ce a'a ba, alhali na san abin da gwajin Alhamis ya nuna. Abin da ya fi damuna shi ne tambayoyin gaske. In ce "24 a raba gida 6, nawa ke nan?" kafin in rufe baki masu zaman gaba sun fara kaɗa yatsu suna "Malama ni! Malama ni!", in nuna ɗaya, ya faɗa, mu wuce. In kuwa tambayar ta ɗan yi tsauri aka yi shiru, ko numfashi biyu ba na bari a yi, ni da kaina nake ba da amsa, sannan in ce su maimaita. Su maimaita da ƙarfi, in ji daɗi a raina cewa aji ya ɗauka. A wannan dare na samu amsar tambayar da Hajiya ta yi mini a kan robar ruwan ɗumi.

Da na kai wa zaure, Hajiya ta ce abin da na ji a kunnena an daɗe da auna shi. Ta ba mu labarin wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, wadda ta naɗi darussa masu yawa ta bi su da agogo, ta fitar da sakamakonta a farkon shekarun 1970. Ta gano cewa malami in ya yi tambaya, jiran da yake yi kafin ya maimaita ko ya nuna wani ko ya amsa da kansa bai cika wuce daƙiƙa 1 ba. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa ba su sani ba suka ragu, kuma yaran da a da ba a jin bakinsu suka fara magana. Daƙiƙa 3 kacal. Wani malami a zauren ya ce shi ba zai tsaya duban agogo a gaban yara ba, sai wata malama ta kawo dabarar da duk muka ɗauka: in ka yi tambaya, ka yi "Subhanallahi wa bihamdihi" sau uku a zuci kafin ka nuna kowa.

Ranar Litinin na gwada. Na gaya wa yara cewa daga yau in na yi tambaya ba mai ɗaga hannu sai na ƙwanƙwasa tebur. Ranar farko ba ta yi kyau ba. Shirun ya yi mini tsawo ƙwarai, su kuma yaran suka zaci fushi nake, wasu suka sunkuyar da kai, na baya suka samu damar hira. Wata 'yar gaba da ta saba amsa komai har da hawayenta don na hana ta. Sai a rana ta uku abin ya fara zama. Na ce naira 240 za a raba wa yara 6, na yi tasbihina, na ƙwanƙwasa tebur, sai ga hannaye daga tsakiyar aji, wurin da na yi wa da'ira. Na nuna wani yaro da ban taɓa jin muryarsa ba in ban da amsa suna. Ya ce naira 40. Na ce yaya ka yi? Ya ce ya fara ba kowa naira 20, ya ga saura 120, sai ya sake ba kowa 20. Ba hanyar da na koyar ba ce, amma rabawa ce tsantsa, kuma da na amshe tambayar da bakina kamar yadda na saba da ban taɓa sanin yana da ita ba. Na tambayi sunansa a gaban kowa, na maimaita shi sau biyu ina kallon fuskarsa.

Amma kusurwar hagu ko motsi. Duk jiran da zan yi, hannu ba ya tashi daga can.

Ana haka aikin mako na biyar ya zo: ka zaɓi yaron da ka fi jahilta a ajinka, ka rubuta wasiƙa da bakinsa zuwa gare ka. Na zaɓi wata doguwar yarinya da ke zama a ƙarshen benci na ƙarshe, jikin tagar nan. Na zauna na tsara wasiƙa mai taɓa zuciya. Na sa ta tana cewa da asuba take tashi ta ɗora tallan koko, ba ta karyawa take zuwa, a hannun kishiyar uwa take, shi ya sa in ina magana hankalinta ba ya wurin. Na karanta da murya na tura. Aka yi ta yabawa, wata ta ce har ta yi ƙwalla. Hajiya ta ce: "Wasiƙa ta yi daɗi, Malama. Saura ki je ki tambayi mai wasiƙar."

Washegari da aka fita tara na ce ta tsaya. Ta tsaya tana rawar jiki, don a saninta Malama ba ta tsayar da mutum sai ya yi laifi. Na ce ta zauna kusa da ni, na tambayi sunanta da na gidansu. Ashe babanta tela ne, mahaifiyarta na nan lafiya a ɗakinta, ba ta taɓa talla ba, kuma ta karya kumallo kafin ta fito. Duk abin da na rubuta ba nata ba ne. Labarin da na saba ba kaina ne game da yaran baya, na ɗauko na yafa mata, kuma labari ne da ya wanke ni tas tunda ba ni a cikinsa.

Na ce: "To me ya sa kike zama can ƙurya?"

Ta ce: "Malama, ke kika ce."

Na ce yaushe?

Ta ce: "Ranar da muka shigo aji 4. Kin ce dogaye su koma baya, kar ki sake ganin mu a gaba."

Na tuna. A watan Satumba ne, ranar farko, ana ta turereniya a kan benci, na faɗi haka don in samu a zauna. Ni na manta tun a ranar, ita kuwa wata biyar tana riƙe da umarnin. Na ce tana ganin allo daga can? Ta yi shiru, sannan ta ce da safe tana gani, amma in rana ta ɗaga fari yake zama. Na ce to yaya take kwafar aiki? Ta ce a littafin ta kusa da ita take gani, ita ma a na ta kusa da ita.

Na tashi na je na zauna a gurbinta. Shekara uku ina koyarwa a ɗakin nan ban taɓa zama a wurin ba. Hasken da ke shigowa ta tagar da ba marfi yana dukan allon, allon kuma dama baƙinsa ya koɗe, abin da na rubuta da safe ko ni da na rubuta shi da ƙyar na karanta. Da aka dawo daga tara na karɓi littattafan benci ukun nan na jera. A aikin ranar Talata na rubuta 36, yarinyar da ke bakin hanya ta kwafe shi 30, kuma 30 ɗin nan na bi shi littafi bayan littafi har guda biyar. Dukansu na sa musu jan biro na ba su sifili, ban tsaya na tambayi yadda yara biyar suka yi kuskure iri ɗaya ba.

A daren na tura saƙon murya mafi gajarta da na taɓa turawa. Na ce wasiƙar jiya ƙarya ce, ga abin da yarinyar ta faɗa. Hajiya ba ta yi dogon sharhi ba, ta ce kowa ya je ya zauna a benci na ƙarshe na ajinsa kafin Juma'a, da misalin ƙarfe 11, ya dubi allo.

Gyaran da ya biyo baya ba mai tsada ba ne. Ranar Juma'a bayan an tashi, manyan mazan ajin suka daka gawayi da baƙin garin da ke cikin tsohon batir muka shafe allon. Na kawo tsohon zani daga gida muka rataya a tagar. Na ƙara girman rubutuna. Na kuma sa dokar juyawa: duk Litinin layin gaba ya koma baya, kowane layi ya matso gaba da taki ɗaya, dogaye kuma su zauna ta gefen bango don kada su tare wa wasu. Wannan ya jawo mini ƙorafi. Wata uwa ta zo har aji ta ce an mayar da 'yarta baya alhali ita ce ta ɗaya. Na ce mata: "Maman yara, ki yi haƙuri, mako biyu ne za ta dawo gaba, kuma duk inda take idona na kanta." Ta tafi ba ta gamsu sosai ba, amma ba ta sake dawowa ba.

Ba kowane aiki ne ya karɓe ni ba. Mako na shida an ce a rubuta 'yar waƙa mai amshi a kan zangon karatun, ni dai baiti biyu na haɗa da ƙyar kuma ban ƙaru da komai ba, ko da yake wani malamin Hausa ya rera tasa har aka yi ta neman ya maimaita. Zauren ma ya rage. Daga 46 muka dawo 14 masu kawo aiki. Wasu data ce ta gagare su, wasu rashin wutar caji, wasu kuma tun daga makon zane suka yi shiru ba su sake magana ba.

Akwai malamin da kafin ya fita ya faɗi maganar da har yanzu nake juyawa. Ya ce a daina ɗora wa malami laifin da ba nasa ba, a ba shi aji mai yara 40 a ga aiki. Yana da gaskiya babba. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami 1 ga yara 35 a firamare, ni kuwa ina riƙe da ninki biyu da rabi na haka. Dokar ta-ɓaci da gwamnatin jiha ta ayyana a kan ilimi a watan Yunin 2024 ita kanta shaida ce cewa lamarin ya fi ƙarfin malami ɗaya da allinsa. Zane da wasiƙa ba sa gina aji, ba sa ɗaukar sabon malami, kuma ba zan so wani ya karanta wannan ya ce ashe malamai ne ba sa tunani. Inda na saba da shi kawai shi ne, cunkoso ba shi ya ce wa yarinyar nan kar a sake ganin ta a gaba ba. Ni na faɗa, kuma ni kaɗai ce zan iya janyewa.

Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, aka ba da hutu gab da shi. A daren Alhamis na ƙarshe kafin hutun, Hajiya ta ce mu sake zana ajin, da sharaɗi irin na farko, ba rajista. Wannan karon ya fi wuya ta wani ɓangaren tunda wurin zama yana juyawa, sai na bi tsarin makon da muke ciki. Na samu sunaye 66. Kusurwar hagu ta cika, doguwar yarinyar kuma a makon tana layi na biyu ta jikin bango, ta ɗaga hannu sau biyu, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi. Saura 21. Da na duba su da kyau washegari da rajista a hannu, fiye da rabinsu yaran da ba sa zuwa kullum ne, masu zuwa Litinin su ɓace sai Alhamis, waɗanda a takardar farko ma ban san cewa ban san su ba. Na rubuta sunayensu a bayan zanen, na ninke na sa a cikin rajista. In Allah ya kai mu bayan Sallah da su zan fara, kuma na riga na roƙi monita ya nuna mini gidajen uku daga cikinsu da ya ce layinsu ɗaya.